Jiniyar da Ta Riga Magariba

Yogyakarta, kwana uku da Sallah.

Zuwa ga Dik Wening, hasken da ke leƙowa ta bayan dutsen Merapi tun zakara bai gama gyaran murya ba. Ruwan farko a kan kwanon rufin da rana ta gasa. Furen yasmin da ya zaɓi bakin kwata ya tsiro don kwatar ta ji kunya. Gaisuwa daga wanda ya gaji da hira da wayar da aka kashe.

Kada ki yi dariyar wannan buɗewar, na san ba halina ba ne. Littattafan da 'yan jami'a ke kawowa shagonmu a yi musu fotokwafi, ina karance su kafin injin ya huce, kuma na lura duk namijin da ya rubuta wa mace takarda da irin wannan yake farawa. Na ce bari in gwada, in kama su da ƙarya. Abin haushi, da na gama rubutawa na nemi kalma ɗaya da zan goge, na rasa.

Tunda kin haye Wonosobo kin ɓuya cikin hazo da gonakin dankalin babanki, direban motar kayan lambu zai kawo miki wannan. Labari zan ba ki yadda yake, ba gishiri, ba sukari. In kin ga wani wuri ya yi zafi, daga nan tawadar ta fi ƙarfina.

Abokinmu Rikardus ya kawo mini gwangwaninki na kiɗa, ya ce kin ce in sayar. Ban sayar ba. Yana kan katifata, ni ina tabarma, don ɗakin ba ya ɗaukar mu biyu a wuri ɗaya. Gwangwanin biskit na Sallar bara, da wayoyi kamar hanjin kaza, da maɓallan da kika ciro daga matattun rediyoyi a kasuwar tsofaffin kaya, da tabon dalma a kusurwar da kika ƙona yatsa. Wa kika ce in sayar wa? Wanda zai ɗora shi a kanta ya riƙa nuna wa baƙi? Ko ki ce in sayar da muryar kurciya in bar mata fukafukai?

Kin tuna ranar da na fara ganinki a Sito, ɗakin wasan kiɗanmu? Na gama nawa wasan ke nan, sarƙar babur a kan fallen kwano da makirfo a cikin bokiti, rabin mutane sun fice waje wai shan iska. Sai ga ki da ɗankwali ruwan toka, rungume da gwangwani. Abokin kiɗanmu Gembul, da yake cikinsa ke yi masa tunani, ya tare ki: "Mbak, 'yan mata, nawa-nawa? In da mai gyaɗa a ba ni biyu." Kika wuce shi. Kika durƙusa, kika jona waya. Sautin ya fara kamar sauro a ɗaki na uku, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har kofunan shayi suka fara rawa a kan benci, har na ji shi a haƙorina na ciki. Waɗanda suka fita suka dawo da ɗaiɗai kamar kaji da yamma. Da aka tashi kika tsaya a gabana kina naɗe waya, kika ce, "Mas, kiɗanka kamar mutum ne mai gaskiya da bai iya magana ba." Na yi mako guda ina fushi. A mako na biyu na tsinci kaina ina riƙe miki fitila kina liƙi. Daga nan ban ƙara sanin inda fushina ya ajiye takalmansa ba.

To, ga ranar da kika gudu dominta. Zan faɗe ta daga waje, domin ke daga ciki kika gan ta.

Wasan jiran shan ruwa ne irin na kowace shekara: a fara bayan la'asar, a kashe komai kafin jiniyar masallaci mai sanar da faɗuwar rana, kowa da kofinsa a hannu yana jira. Hadari ya haɗu, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ba mai iya cewa ga inda rana take. Mutane suka cika Sito har suka zubo waje, shi ya sa Gembul ya rataye tsohuwar lasifikar nan mai bakin ƙaho a taga, bakinta na kallon lungu. Ba wanda ya gaya miki. Ni ina ƙofa ina gadin babura. Sai kika murɗa maɓallin nan ja, sautin ya tashi, ya hau, ya ci gaba da hawa.

Lungu ya motsa gaba ɗaya kamar an ɗaga masa bargo. Na ji ƙarar cokula. Na ga mai suyar ƙofar masallaci ya kai wainar rogo baki, na ga masu keken haya sun ɗaga robobin ruwa, na ji "Alhamdulillahi" ta kowace taga. Ni kaɗai ban sha ba. Jiniyar masallaci a miƙe take hawa kamar sandar gora. Taki in ta kai ƙololuwa sai ta ɗan yi rawa, kamar ganyen ayaba da iska ta shafa, domin ba kya yarda da sautin da ba ya numfashi. Ko a tsakiyar tekun kudu aka jefa ni, igiyar ruwa na dukan kunnena, zan gane hannunki. Na yi ihu, "Ba ita ba ce! Ba ita ba ce!" Amma wa ke jin mutum a ƙarƙashin jiniya? Kuma wa ke sauraren ihun wanda kullum cikin ihu yake? Na ruga na kaɓe kofi daga hannun mai unguwa, Pak Marwoto. Ya riga ya haɗiye. Shayin ya wanke masa zani.

Can, bayan mutane sun yi nisa da ci, ta gaskiyar ta tashi daga masallaci. Ban taɓa ganin lungunmu haka ba. A lokacin abincin ya halatta, amma ba wanda ya iya haɗiye na bakinsa.

Washegari a barandar mai unguwa kin zauna kai a sunkuye, kamar shinkafar da ta nuna. Liman ya yi magana a hankali: babu zunubi a kan wanda ya ci bisa kuskure, amma akwai ramuwar yini ɗaya a kan kowa. Da an tsaya nan da ya wadatar. Sai wani ya ce kiɗan aljanu ne, ni kuma na miƙe. Na ce kowa a nan yana da agogo a wayarsa. Na ce mutanen da ke jiran ƙarfe ya gaya musu rana ta faɗi kada su zargi wani ƙarfen. Na kawo musu abin da na karanta a littafi kaza da littafi kaza. Pak Marwoto ya bari har na huce, sannan ya ce, "Mas Jatmiko, ka gama? Madalla. Makullin." Har yanzu ina ganin ina da gaskiya, sai dai gaskiyata ce ta rataya kwado a ƙofar Sito. Da na juya in dube ki, wurinki babu kowa sai takalmin wani.

Abin da ya biyo baya kin sani, shi ya sa kika kashe waya. Wani ɗan banza ya ɗauki bidiyo, ya yaɗa, duniya ta samu abin dariyar ƙarshen azumi. Waɗanda ba su taɓa zama minti biyar sun saurare ki ba sun zama masana kiɗanki. Wani daga Jakarta, mai gilashin da ba na ciwon ido ba, ya neme ni har shago. Wai yana shirya babban taro, yana so ki zo ki maimaita "aikin nan mai ƙarfi da ya girgiza al'ada". Aiki! Girgiza! Na ce masa abin da ya girgiza wata tsohuwa ce da ke azumi da ciwon ƙoda, in yana son ya ga al'ada ya je ya wanke mata kwanuka. Maigidana ya ce in na ƙara zagin mai kawo ciniki zai sallame ni. Na ce bai kawo ciniki ba, ƙafa ya kawo.

Bari in ba ki labarin Sallah, don na san za ki so ji ko ba ki tambaya ba.

Garin ya zama fanko kamar kullum, kowa ya tafi gida. Mu da ba mu tafi ba, mai rashin kuɗin mota da mai rashin gidan da zai koma, muka taru a ɗakin hayar Rikardus. Shi da ba Sallarsa ba, shi ya tashi tun asuba ya dafa kaza a madarar kwakwa, da gicciyensa yana lilo a kan tukunya. Gembul ya saƙa ganyen kwakwa na dafa shinkafa, saƙar ta fito kamar takalmin mahaukaci, shinkafar ta tsere cikin ruwa ta zama kunu. Rikardus ya leƙa ya ce, "Kai musulmi ne kuwa? Ni da nake zuwa coci na fi ka iya Sallah." Gembul ya ce, "Kai dafa, ni in ci, haka aka raba aikin addinai." Muka ci da cokali. An yi dariya, ni ma na yi, daidai gwargwado.

Da yake Sito a kulle yake, a nan muka yi wasan Sallar, da batir, a hankali, kamar masu satar kaji. Gembul ya sa makirfo a cikin tukunyar da ke tafasa. Ni na ja bakan goge a kan wayar keke. Ba laifi, an tafa. Amma akwai wani rami a ƙasan sautin, inda naki ke zama, kowa yana jin sa, kowa yana kewaye shi kamar rijiyar da ba murfi. Mun ajiye miki kwano. Ba wanda ya ce a ajiye, hannu ne ya ƙirga yadda ya saba.

Ke ce ƙasan kowane sauti da na taɓa so, Dik. Ke ce rurin da dutse ke yi a cikinsa tun kafin hayaƙi ya fito, ke ce kukan kwaɗi a fadamar shinkafa bayan ruwa ya ɗauke, ke ce shirun da ke tsakanin walƙiya da tsawa, wanda mutum ke riƙe numfashi a cikinsa bai san ya riƙe ba! Me zan yi da kunnuwa biyu a garin da ba kya ciki? In saurari injin fotokwafi? In saurari kaina? Na saurara, ba daɗi.

To. Mu koma labari.

Bayan azahar muka sa fararen riguna muka shiga lungu neman gafara gida-gida, yadda kowa ke yi ranar Sallah, sai dai mu da ƙarin kaya a ka. Na yanke shawara tun a hanya: zan ce ni ne na yi. A gidan farko na sunkuya na kama hannun matar gidan na ce, "Bu, uwata, jiniyar nan tawa ce, a yafe mini ciki da waje." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai? Kai da kiɗanka kamar ana yanka akuya a cikin tangaran? Ko kare ba zai sha ruwa a kansa ba. Ci biskit." Haka aka yi a gida na biyu, haka a na uku. Lungu guda, babu mutum ɗaya da ya yarda zan iya fitar da sauti mai tsabta. Shekara nawa ina kiɗa a unguwar nan, sai ranar Sallah na ji ra'ayin jama'a.

Mafi yawansu sun huce. Wasu har suna tsokanar juna a kan wanda ya riga kai loma. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai gidan da aka karɓi hannunmu da yatsu biyu, akwai wanda aka ce masu gidan sun fita alhali muna jin tari a ciki.

Gidan Mbah Sarjilah, tsohuwar nan mai ciwon ƙoda, muka bari ƙarshe, don kowa tsoronsa yake. Kin san ta fiye da ni. Ke kika zauna a kicin ɗinta kina ɗaukar ƙarar turminta, ita kuma tana cusa miki ayaba dafaffiya tana cewa kin rame. Kin san likita ya hana ta azumin bana, ta ce likitan bai kai jikanta ba. Mun same ta a kujerar gora, ƙafafu a kumbure. Muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya muka sa goshi a gwiwarta. Ta shafa kan Rikardus, ta ce shi ne kaɗai mai hankali a cikinmu. Da ta zo kaina na ce, "Mbah, Wening ta aiko ni in nema mata gafara." Ƙarya na yi, kuma ta sani.

Ta ce, "Yaro, gafara ba kifi ba ce da za a aiko ta a bayan babur. Na ja watan nan da haƙora, ban san ko zan ga wani ba, na so in miƙa shi babu ɓaraka. An ɓara mini. Ban ce da gangan ba ne. Amma wadda ta ci a kwanona, in ta taka ni, da ƙafarta za ta zo." Ta tauna goron bakinta, sannan ta ƙara: "Kuma ta zo da gwangwanin. Ina so in ga abin da ya ci ni da yaƙi."

Ba ta yi dariya ba da ta faɗa. Na duba da kyau, don in samu abin da zan kawo miki, ban samu ba.

Ga inda maganar ta tsaya. Mutanen lungu sun shirya rama yinin tare, ranar Alhamis mai zuwa, a sha ruwa a kan tabarmi a ƙofar masallaci. Mata sun fara rabon wa zai dafa me. Pak Marwoto ya ce makullin Sito na aljihunsa har sai mai gwangwani ta zo da kanta, daga nan a ga abin da za a yi. Ke kuma, 'yar uwarki ta gaya wa Rikardus babanki ya samo miki kujera a ofishin ƙungiyar manoma, za ki fara da zarar hutu ya ƙare, ki zauna kina buga hatimi a kan takardun taki. Ban raina taki ba, da shi dankali ke girma. Amma na san in kika zauna a kujerar nan kin zauna ke nan. Hazo zai rufe hanya a hankali, yadda yake yi, ba tare da ya yi wa kowa rashin kunya ba. Bayan shekara biyu in gan ki a hoton bikin wani, kin yi murmushi, hannuwanki babu tabon dalma.

Sito bai dame ni ba, in gaya miki gaskiya. Tsohon siton shinkafa ne mai yoyo, za mu samu wani. Su Gembul za su yi kiɗa ko a ƙarƙashin gada. Ke ce ba ni da wata kamarki.

Ba zan ce miki abin ba komai ba ne. Masu cewa ba komai su ne masu dariya a waya, kuma ke kin fi su sanin nauyin yini ɗaya a wurin tsohuwar da ke ƙirga sauran nata. Kunyarki daidai ce, ita ce ma ta sa nake ƙara sonki, in akwai sauran wurin ƙari. Amma kunyar da ta hau mota ta tafi dutse, wa ta amfana? Mbah na nan a kujerarta, ƙafafunta na ƙara kumbura. Ke kina can kina azabtar da kanki inda ba ta gani. Wane irin biyan bashi ne wannan, a zuba ruwa a gonar da ba ita ta bushe ba?

Ban yi miki alkawarin za su yafe ba. Wataƙila ƙofar da aka yi tari a bayanta ta ƙi buɗewa. Wataƙila Mbah ta karɓi hannunki ta kau da kai. Wataƙila wani yaro ya yi kukan jiniya da baki in kin wuce, ƙila har ki tsufa ana yi. Duk wannan na iya faruwa, kuma ba ni da littafin da zan kawo in hana.

Abin da ke hannuna shi zan ba ki. Ranar Alhamis zan tashi da azumi, duk da ba a bina yinin nan, don kada ki ji yunwa ke kaɗai. Zan kasance a tashar Jombor tun motar farko ta sauko daga dutse, gwangwani a goye a bayana da zani kamar jariri, duk mai son dariya ya yi. In kin sauko, ba zan tambaye ki komai ba. Zan kai ki bakin lungu, ki shiga gaba, in bi ki. A kowace ƙofa zan tsaya taku ɗaya a bayanki, inda za ki ji numfashina. Duk abin da aka faɗa miki, mai daɗi da marar daɗi, daga mai gaskiya da marar ita, zan ji, in haɗiye, in bar ki ki amsa da bakinki. Ban taɓa yi wa wani mahaluƙi wannan ba, har uban da ya haife ni.

In kuma motar ƙarshe ta zo ta juye mutanenta ba ke, zan koma in sha ruwa tare da su, in zauna kusa da Mbah, in ce mata ba ki iso ba tukuna. Tukuna zan ce. Haka zan ce mata a mako na gaba, da na bayansa, muddin tana da kunnen ji, ni kuma ina da bakin faɗa.

Naki tun kafin ki nema, naki ko kin zo ko kin ƙi, har ranar da Merapi zai gaji da hayaƙi ya kwanta ya zama fadama,

Jatmiko